Allon da Atis Ya Kafa a Mararraba

Shekara ashirin da huɗu ke nan bango ɗaya ne ya raba shagona da na Atis. Ni wanki da guga nake yi, shi kuma rubutun allon talla. Saboda haka rabin rayuwata ya ƙare wajen kankare ɗigon fenti daga fararen kayan mutane, rabin tasa kuma ya ƙare wajen rantsuwar cewa ba shi ya ɗiga ba, iska ce. Atis laƙabi ne, wato mai zane a Turance. Yana da sunansa na gaskiya, amma ban san wanda ke amfani da shi ba in ban da likita. Ko matarsa baban yara take ce masa in suna shiri, ranar da ya ɓata mata kuwa sai ka ji ta ce Atis kamar kowa.

Gajere ne, mai ƙaton gilashi da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, kuma ban taɓa ganinsa babu fensir a bayan kunne ba. A zamanin da yake tashe babu shago a layinmu da hannunsa bai taɓa ba. Shi ya zana wa mai aski kawuna huɗu a jere, kowanne da irin askinsa, amma duk fuskar ƙanin matar shi Atis ɗin ce, har yau bawan Allahn nan ba ya bin ta gaban shagon. Shi ya zana wa mai kaji zakaran nan mai ƙirjin ɗan dambe. In ka tsaya daga nesa ka karanta allonsa, ko ba ka da niyyar shiga sai ka ga ƙafarka ta kai ka.

Amma fa yana da wani ciwo. Atis bai taɓa zana abin da wani bai sa shi ba. In ka zo masa da aiki sai ya zaunar da kai a benci ya tambaye ka me kake sayarwa, wa kuma kake so ya shigo. Da ka ba shi amsa shi ke nan, hannunsa ya tafi kamar an kunna inji. In babu wanda zai amsa masa, to ko da'ira ba ya iya yi. Wata rana matarsa ta roƙe shi ya zana mata fure a bangon ɗakinta, shi kuwa da bakinsa ya tambaye ta wa take so ya shigo. Ta yi fushi, kwana biyu ni nake ba shi ruwan sha ta taga.

Sai ga wani matashi ya buɗe shago a bakin titi da kwamfuta da wani inji mai buga rubutu da hoto a jikin leda cikin awa ɗaya. Atis ya je ya gani, ya dawo yana dariya, ya ce shekara guda rana za ta cinye shi. Gaskiya ya faɗa, rana ta cinye. Sai dai mutane ba wurinsa suka dawo ba, komawa suka yi aka buga musu wani. Da shagon ya yi shiru har gizo ya fara saƙa a kan gwangwanayen fenti, sai ya samu aikin koyar da zane a wata makarantar firamare da ke bayan tasha. Shekara shida yana yi, yara na sonsa, gida na ci. Kwatsam aka ce daga yanzu duk malamin da ba shi da satifiket ya tattara nasa ya nasa. Hedimasta ya ji tausayinsa ya ba shi shekara biyu ya je ya samo takarda.

Haka Atis, yana da shekara hamsin da shida, ya ɗauki jaka ya shiga kwaleji ajin Asabar da Lahadi, ya zauna cikin sa'o'in autarsa suna kiransa Baba suna aron fensirinsa ba sa mayarwa. Da rarrafe da jan ciki ya haye duk jarrabawa, ya rage saura aikin ƙarshe, zane guda ɗaya da kowane ɗalibi zai ƙirƙiro da kansa. Hedimasta kuma ya riga ya faɗa masa a fili, ƙarshen wannan zangon in babu takarda babu aiki.

Malamin da ke duba aikin wani siririn yaro ne mai tsinin gemu, yana naɗa ƙyalle a wuya ko da rana na dukan tsakar ka. Ɗan Gemu muke ce masa. Atis ya fara kai masa zanen kwandon lemo da ayaba, wallahi in kana jin yunwa sai ka miƙa hannu. Shi Atis ɗin ya zagaye zanen da jan layi, ya bar fili a ƙasa. Da Ɗan Gemu ya tambaye shi filin na mene ne, sai ya ce na lambar waya. Aka dawo masa da shi. Na biyu ya zana babbar mota tana hawan tudu, nan ma aka ce allon talla ne. Ɗan Gemu ya gaya masa sau uku ake kawowa, na uku in ya faɗi sai baɗi. Ya ce ya daina zana abin da ke kasuwa, ya zana abin da ke cikin zuciyarsa. Ya umarce shi ya je gidan nunin zane-zane da ke tsakiyar gari, ya tsaya gaban ayyukan manya ya yi ta kallo har wani abu ya motsa masa a ciki.

Atis ya dawo ya zauna a ƙofar shagona ya tambaye ni, a matsayina na wanda ya daɗe da saninsa, me nake gani yake cikin zuciyarsa. Na ce iya sanina hawan jini. Bai yi dariya ba, a nan na gane abin ya kai inda ya kai.

Ranar da zai je ya kawo mini farar rigarsa in goge. Na ce ba zan sa mata dutse ba sai in da ni za a tafi, don ban taɓa ganin inda ake zuwa a ɗebo tunani ba.

Sau uku muna wuce gidan ba mu gan shi ba. Mun tambayi mai shayi, mun tambayi mai faci, babu wanda ya taɓa jin labarinsa, alhali a bayansu yake. Daga ƙarshe muka gano wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu a jikin katanga, bishiya ta rufe rabinsa, an rubuta sunan gidan da haruffa kamar ƙafar kiyashi. Atis ya tsaya ya kalle shi kamar ya ga an yasar da jariri a bakin hanya. Da ƙyar na ja shi muka shiga.

Muna tura ƙofa wani sanyi ya dake mu. Esi ne har guda shida suna ta aiki, ga bango fari tas, ga dogayen kujeru masu laushi a tsakiyar kowane ɗaki, ga tsit kamar an yi rasuwa. Mutum ɗaya ne a gidan, wani dattijo mai gadi sanye da rigar sanyi, da littafin baƙi a gabansa. Da muka zo sa hannu na leƙa, wanda ya zo kafin mu kwanansa tara da zuwa, shi ma mai gadin ya ce ɓatan hanya ya yi.

Zanen farko ƙato ne, ya kusa ƙofar gareji, shuɗi ne gaba ɗaya sai ɗigon rawaya guda a gefe. Atis ya duba ya ce ai wannan an dai shafa fentin ƙasa, mai rubutun ne bai zo ba. Na gaba fenti ne ya zuba ya gangaro har ƙasa, ya ce da a shagonsa aka yi wannan da sai ya sake sayen katako. Akwai wani tarin tsofaffin takalma da aka ɗaure da waya aka ɗora a kan tebur, na hango wani takalmi a ciki da ya fi nawa lafiya, ina matsawa mai gadi ya yi gyaran murya ya ce ba a taɓawa.

Atis dai ya yi yadda aka umarce shi. Ya buɗe littafinsa, ya tsaya gaban kowane zane, ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai. Ni da na ga abin ba na ƙarewa ba ne sai na cire takalmi na ɗan kishingiɗa a kujera. Ban san lokacin da na tafi ba. Tun da na fara aikin guga, zafin gawayi na gasa ni safe da yamma, ban taɓa yin barci mai daɗin wannan ba.

Bayan awa ɗaya da rabi ya tashe ni. Littafin na nan fari yadda ya zo da shi. Na tambaye shi ko wani abu ya motsa, ya ce cikinsa ne kawai, saboda sanyi. Ya je ya zauna kusa da mai gadi, suka gaisa, suka taɓa hirar ciwon baya. Can sai na ji bakin Atis ya koma gidansa na jiya.

“Baba, wai me kuke sayarwa a nan?”

“Ba ma sayar da komai. Kallo ne, kuma kyauta.”

“To wa kuke so ya shigo?”

“Kowa ma. Ni dai in samu wanda zai ce mini sannu.”

“Me ya fi daɗi a gidan?”

Dattijon ya waiwaya ya dubi zane-zanen, ya dube ni ina mutsittsike ido, ya rage murya.

“Tsakani da Allah, sanyin nan ne da kujerun.”

Ina kallo hannun Atis ya tafi bayan kunne ya zaro fensir. Shi dattijo hira yake yi don ya kashe lokaci. Shi kuwa Atis a wurinsa an zaunar da mai aiki a benci, an yi tambaya, an ba da amsa, saura aiki.

Kwana huɗu yana kulle a shago. Matarsa na ta murna tana kai masa abinci har can, tana ce wa maƙwabta ilimi ya sauko wa baban yara. Rana ta biyar ya kira ni in kama masa. Allo ne mai ƙafa biyu, ya fi ni tsawo. A tsakiya ga wani mutum kwance a doguwar kujera, takalmansa a ƙasa, bakinsa a ɗan buɗe, iska mai sanyi na sauko masa layi-layi shuɗi. Can bayansa ƙananan hotuna a bango kamar tambarin wasiƙa. A sama da jan fenti: SHIGA KYAUTA. SANYI DA KUJERA. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe: AKWAI HOTUNA KUMA. Sai wata jibgegiyar kibiya mai nuna dama.

Na ce masa wannan tumbin ai nawa ne, kuma ni ba na buɗe baki in ina barci. Ya ce in je in tambayi mai gadi.

Muka ɗora a kura muka kai mararrabar da ke kusa da inda ake jiran bas, ya haƙa rami biyu, ya kwaɓa siminti, ya kafa shi. Bai tambayi kowa ba. A hanyar dawowa na ce to yanzu sai a gayyato Ɗan Gemu ya zo ya duba. Sai ya kalle ni kamar na zare. Wai wannan aikin kwastoma ne, me ya haɗa shi da makaranta. Aikin makaranta yana nan bai ko fara ba, saura kwana tara, kuma har yanzu zuciyar shiru.

Allon kuwa ya yi aikinsa. Ranar farko direbobin da ke jiran layi suka fara leƙawa. Rana ta biyu 'yan dako suka ji labari. Rana ta uku da na rufe shago na je duba lafiyar kujerata, ban samu wurin zama ba. Mata masu dawowa daga kasuwa sun jere da jariransu, wani ya shimfiɗa agogunan sayarwa a ƙasan babban zanen, wani ya rataye hularsa a kan wani gunki na ƙarfe. Mai gadi ya tuɓe rigar sanyi, littafinsa ya cika ya ɗauko sabo, sannu kuwa ya sha ta har muryarsa ta dushe. Abin da ya ba ni mamaki, mutum in ya farka ba abin yi, sai ya fara kallon bango. Na tarar da direbobi biyar gaban shuɗin nan mai ɗigon rawaya suna gardama kamar za su daku. Ɗaya ya rantse fitilar babur ce cikin ruwan sama, kuma wanda ya zana ta ya san hanya, don haka take bayyana daidai lokacin da birki ba zai yi amfani ba.

Ranar Alhamis shugabar gidan ta dawo daga tafiya. Mai gadi ya ce ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ga wani yana minshari a ƙarƙashin aikin da aka yi wata uku ana roƙo kafin a ba su aro. Ta sa aka kori kowa, ta sa aka tumɓuke allon. Neman mai laifi bai ba ta wahala ba, don Atis ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a kusurwa yadda ya saba. Mai gadi kuma ya ƙara da cewa ɗalibin kwaleji ne. Ta buga wa kwaleji waya.

Aka ce Atis ya zo gidan nunin ranar Juma'a da safe. Matarsa ta raka shi har bakin layi tana faɗa masa cewa in ya dawo babu makaranta babu aiki, to ya zana wa kansa wata matar. Ni na bi shi a matsayin shaida, ko da yake gaskiya kallo na je yi.

Mun tarar Ɗan Gemu ya riga mu. Yana tsaye yana ta ba da haƙuri da sunan kwaleji, yana cewa tun farko ya san wannan ɗalibin ba shi da ido, kuma yau ɗin nan zai rubuta cewa ya faɗi, ba sai an jira na uku ba. Atis ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga.

Ita shugabar ba ta ma sauraren Ɗan Gemu. Da aka shigo da allon an rasa inda za a ajiye shi, ɗakin ajiya ya cika, sai ma'aikata suka jingina shi da farin bango a babban ɗaki, daidai ƙarƙashin wata fitila. Tana tsaye gabansa ta rungume hannu, ta matsa kusa, ta ja baya, ta karkata kai. Ta daɗe a haka. Sannan ta fara magana a hankali, rabi da harshenmu rabi da na masu digiri. Abin da na iya tsinta shi ne wai shekara goma ba ta ga aikin da ya zagi gidanta da ita kanta da duk masu zane irin wannan ba, ya tona asirinsu, ya nuna wa ake gina wa irin wannan wuri, wa kuma ake bari a rana. Wai mutumin da ke barci al'umma ce gaba ɗaya.

Atis ya buɗe baki zai ce ba al'umma ba ce, mai guga ne, kuma shi bai zagi kowa ba. Na take masa ƙafa da duk ƙarfina.

Ɗan Gemu ya gyara ƙyallen wuyansa. Cikin minti ɗaya ya tuna cewa dama shi ya turo Atis gidan, kuma sau biyun da ya mayar masa da aiki duk dabara ce ta kai shi ga wannan matakin. Har da dafa masa kafaɗa yana kiransa Baba.

Shugabar ta juyo ta dubi Atis.

“Malam, me ka so ka faɗa da wannan aikin?”

“Ranki ya daɗe, so na yi mutane su shigo. Sun kuwa shigo.”

Ta rufe ido ta gyaɗa kai, ta ce a rubuta maganar nan yadda ya faɗe ta, a manna a gefen allon.

Haka aka yanke wa allon ƙafafu aka rataye shi. Ɗan Gemu ya karɓe shi a matsayin aikin ƙarshe, ya ba shi makin da ba a ba kowa ba a ajin. An yi taron buɗewa, masu ƙyalle a wuya suka cika ɗakin suna shan lemo a tsaye, suna kallon tumbina suna jinjina kai. Babu wanda ya gane ni, alhali ina nan gefe riƙe da kofi. Sati uku bayan nan Atis ya kai wa hedimasta satifiket, aka ce ya koma ajinsa. Matarsa ta koma kiransa baban yara.

Sai dai mutumin bai yi farin cikin da na zata ba. Tun da aka cire allon daga mararraba gidan ya koma shiru, an kuma kafa dokar hana kwanciya a kujera. Atis ya ce allon da ba ya kawo kowa gawa ce, ko an rataye shi da zinariya. Abin da ya fi ci masa rai, a bangon da suka sa shi, kibiyar nan kai tsaye ƙofar banɗaki take nunawa. Sau biyu yana rubuta wa shugabar takarda yana roƙon a mayar da shi waje, ko aƙalla a canza masa bango. Ta amsa cewa wurin da kibiyar ke nunawa yana cikin ma'anar aikin.

Ranar wata Asabar ya ce in raka shi, shi da kansa zai gyara. Muka tarar da mai gadi shi kaɗai cikin rigar sanyinsa. Atis ya wuce kai tsaye ya kama gefen allon zai ɗaga. Dattijon ya taso da sauri ya riƙe masa hannu.

“Atis, ka rufa mini asiri. Ba a taɓawa.”

“Nawa ne fa, Baba.”

“Na sani. Ba a taɓawa.”

Atis ya saki, ya tsaya yana huci. Don ya kwantar masa da hankali, dattijon ya ce ai kada ya damu, 'yan kaɗan ɗin da ke zuwa duk a gaban allonsa suke fi daɗewa. Abu ɗaya ne dai ya rasa gane kansa, duk wanda ya gama kallo sai ya juya dama ya tura ƙofar banɗakin nan ya shiga, ko ba ya jin komai. Har shugabar ya gani da idonsa sau biyu, ta shiga ta fito tana waige-waige kamar mai tunanin me ya kai ta.

Atis ya gyara zaman gilashinsa, ya dubi kibiyar, ya dubi ƙofar.

“Kowa da kowa?”

“Ban ga wanda ya tsallake ba.”

“To alhamdu lillahi,” in ji Atis. “Ku bar shi a nan.”